Lemon Gida a Ƙasar Ruwa: Shawarwari ga Uwargidan da Ke Zaune a Kudu

Uwargida, in kina zaune a Anacha, Fatakwal ko Inugu, Allah Ya ajiye ki inda kayan marmari ba sa yankewa. Abarbar da 'yan'uwanmu na Kano ke saye da tsada bayan ta sha hanya, ke har ƙofar gida ake turo miki ita a baro. Bai kamata kuɗin cefane su riƙa tafiya a lemon kwali ba. Abin da ke ba mu wahala a nan shi ne zafi da danshi, waɗanda ba sa barin abin sha ya jima. Ga abin da na ga yana aiki.

1. Ki bi abin da ke yayi.
Lemon zaƙi na Binuwai yana cika kasuwa daga ƙarshen damina zuwa cikin hunturu, agwaluma ta biyo shi wajen Disamba, sai yazawa da mangwaro daga Fabrairu ko Maris har ruwa ya kankama. Ko kin shiga Kasuwar Relief ko Ose a Anacha, ko Ogbete a Inugu, ko Fruit Garden a Fatakwal, ki fara zagayawa kafin ki taya. Abin da kika gani an jibge a kowane layi, shi ne mai arha kuma shi ne mai zaƙi.

2. Ki je da yamma, ki nemi wanda ya nuna luguf.
Lemo ba ya buƙatar kyan fata. Mangwaro ko gwandar da ta yi laushi, mai ita ta san ba za ta kai jibi ba, sai ta sakar miki kashi guda da sauƙi, har da gyara. Inda ya ɗan bugu ki yanke ki yar, amma wanda ya yi fumfuna ko ya fara warin tsami, ki bar mata abinta ko kyauta ne.

3. Ki sa hanci da hannu wajen zaɓe.
Abarba ba ta ƙara zaƙi bayan an cire ta daga gona, laushi kawai take yi, don haka ki juya ta ki shinshina gindinta. In babu ƙamshi, ajiyar mako ma ba za ta gyara ta ba. Lemon zaƙi ki ɗauki mai nauyi a hannu mai siririn ɓawo, kuma kada korensa ya ruɗe ki, a ƙasar zafi yakan nuna ciki fatarsa tana kore. Kankana kuwa, yawanci daga Arewa take zuwa kuma 'yan gida ne ke sayar da ita. Ki duba wurin da ta kwanta a ƙasa ya yi ɗorawa, sannan ki ce, "Malam, don Allah a fasa min in gani." Ba ya ƙi.

4. Ki guji wanda aka nunar da kabayid.
Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan nunar da ayaba da mangwaro da wannan sinadari, saboda yana cutar da lafiya. Wanda fatarsa ta yi rawaya fes ko'ina, amma babu ƙamshi kuma cikinsa da tauri, ki wuce shi. Gara ki sayi ɗanye ki sa a kwali tare da nunanniyar ayaba ki rufe, zai nuna da kansa cikin 'yan kwanaki.

5. Wanki kafin wuƙa.
Duk dattin da ke bayan ɓawo, wuƙa ce ke shigar da shi ciki, don haka ko kankana ce ki wanke ta tas da ruwa mai tsabta, ki dirje abarba da buroshi. Mutanen Fatakwal su ninka kula, domin daga wajen 2016 an sha fama da baƙar tokar hayaƙi da ke sauka a kan duk abin da aka baza a fili. Ki kuma ware wuƙa da faranti na kayan marmari daban. Warin albasa ko kifi ɗan kaɗan ya isa ya ɓata jug guda.

6. Ruwan da za ki sha, shi za ki zuba.
Lemon nan ba a dafa shi, abin da ya shiga ya shiga ke nan. In kina shakkar ruwan rijiya ko na burtsatse, ki tafasa ki bar shi ya huce. Ƙanƙarar saye kuma ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba, sai ki zuba lemon a gora ki rufe, ki nutsa gorar cikin ƙanƙarar a kula.

7. Rashin wuta ba ya hana sha.
Abarba tana gogu a abin goga kuɓewa, sai ki matse a farin ƙyalle mai tsabta. Kankana da gwanda ludayi ma ya ishe su a cikin rariya. Lemon zaƙi ki matse da hannu, kada ki jefa shi bilenda da 'ya'yansa da ɓawonsa, daga nan ɗaci ke fitowa. Kuma ko an matse shi da kyau, in ya daɗe a ajiye yakan juya ya yi ɗaci.

8. Kada ki tara abubuwa da yawa a kofi ɗaya.
Biyu ko uku sun isa. Abarba da ɗanyar citta, ni a wurina babu kamarsa, musamman lokacin buɗa-baki. Kankana ba ta son ƙarin ruwa ko kaɗan, fiye da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne, lemon tsami rabi kawai za ki matsa mata ta farka. Gwanda ita kaɗai tana da wani ƙarni da yara ba sa so, amma ruwan lemon zaƙi yana rufe shi. Yazawa, wadda ƙasar Inugu ke da ita da yawa, ki cire ƙwallon, ki jiƙa ta a ruwan gishiri ko ki ɗan turara ta don baurin ya ragu, kuma ki sa tsohon zane, tabonta ba ya fita. Abu ɗaya da zan hana ki: madara da ɗanyar abarba ko gwanda. In suka zauna tare, madarar takan tsinke ta yi ɗaci, sai dai in nan take za a shanye.

9. Ki ɗanɗana kafin ki kai hannu ga sukari.
A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015, bai kamata sukarin babba ya wuce kimanin cokalin shayi 12 a yini ba, kuma zuma da zaƙin ruwan 'ya'yan itace suna cikin lissafin. In dole sai an ƙara zaƙi, ki jiƙa dabino biyu ko uku ki niƙa tare. Mai ciwon sukari ya fi masa ya ci ɗan itacen da tsakinsa, jariri kuwa da bai cika shekara ba, kada a ba shi lemo, kada a ba shi zuma.

10. Ɓawon abarba kuɗi ne.
Tunda kin wanke shi tun farko, ki tafasa shi da citta da kanumfari da zoɓo, ki tace. Abarba ɗaya ta ba ki abin sha kala biyu ke nan, kuma wannan da ya ga wuta ya fi ɗanyen jimawa.

11. Ki yi daidai na yau.
A zafin Kudu, ɗanyen lemo ba ya son ya wuce awa biyu a waje. In akwai firij mai sanyi sosai, ya kwana ɗaya, iyaka biyu. Gorar da za ki zuba ki wanke ta da sabulu har murfin, ki kife ta bushe, ki cika ta har wuya don iska ta ragu. In kika ga gora ta kumbura, ko ta yi "fuss" da kika buɗe, ko kumfa na tasowa, ya fara juyawa, ki zubar kada ki ba kowa. In baƙi za ki yi da yamma, ki wanke kayan da safe ki ajiye su da ɓawonsu, sai an yi La'asar ki yanka ki matse.