Rashin Haihuwa: Katin Asibiti Ɗaya, Lalurar Mutum Biyu

A ranar da ake ganin masu neman haihuwa, bencin da ke ƙofar ɗakin likitar mata yakan cika tun kafin ƙarfe takwas na safe. Duk wanda ya bi layin da kallo zai ga kusan duka mata ne. Wata ta zo da ƙanwarta, wata da mahaifiyarta, wata kuwa ita kaɗai, ta ce wa mutanen gida za ta je dubiya. Mazan da ake neman haihuwar tare da su suna kasuwa ko wurin aiki, wasu ma ba su san an zo ba. Mai wannan rubutu likitar mata ce, kuma abin da aikinta ya nuna mata shi ne, yawancin shekarun da ake ɓatawa a neman haihuwa daga nan suke fara ɓacewa: a zo a makare, kuma a zo da rabin masu lalurar.

Lalurar ta fi yadda ake zato yawa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin kowane shida na manya yana fuskantar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma babu wani babban bambanci tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta. Ma'aunin likitoci shi ne wata 12: idan ma'aurata sun shekara suna tare, suna saduwa yadda aka saba, ba sa tsarin iyali, kuma ciki bai shiga ba, lokacin bincike ya yi. Idan matar ta haura shekara 35, wata shida kawai ake jira. Wadda al'adarta take ɓacewa na watanni, ko take fama da matsanancin ciwon mara, ba ta da dalilin jira ko kaɗan. Kuma ba wadda ba ta taɓa ɗaukar ciki ba ce kaɗai ake nufi. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara, an fi samun wadda ta haihu sau ɗaya ko ta yi ɓari, daga nan shiru ya biyo baya.

Wata baiwar Allah mai shekara 34 ta taɓa shigowa da baƙar leda, ta zazzage ta a kan tebur. Hotunan mahaifa ne na asibitoci daban-daban, da takardun gwajin jini da suka fara yagewa a wurin ninki, da kwalayen ƙwayoyin da ta gama sha. Shekararta tara da aure. An yi mata wankin mahaifa sau biyu, ta sha rubutu, ta sha saiwoyi, ta yi matsi iri-iri. Likita ta duba takardun ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Hajiya, ina sakamakon maigida?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Likita, ai shi lafiyarsa ƙalau. Ya ce a gidansu ba a rashin haihuwa."

Sai da aka yi watanni ana lallashi kafin maigidan ya amince. Gwaji ɗaya ya nuna ƙwayoyin maniyyinsa sun yi ƙaranci ƙwarai, da aka duba shi kuma aka sami jijiyoyin marainansa sun kumbura, abin da ake iya yi wa aiki. Matar ba ta da wata matsala tun farko. Amma ta shiga gidan tana da shekara 25, lokacin da ƙwanta yake kan ganiyarsa, ga shi yanzu shekarunta sun zama wani abin da dole a sa a lissafi.

Irin wannan labari ba baƙo ba ne. A kusan rabin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa, akwai hannun matsalar namiji, ko dai shi kaɗai ko tare da ta matar. Abin da yake ruɗin maza da yawa shi ne ɗaukar cewa mai iya biyan buƙatar iyalinsa dole yana iya ba da ciki. Abu biyu ne mabambanta. Namiji yana iya zama da cikakken kuzari, ruwan yana fita yadda aka saba, amma ƙwayoyin da ke ciki sun yi kaɗan, ko ba sa motsi, ko babu su sam. Hangum da ya kama mutum bayan ya balaga yana iya taɓa maraina, haka ciwon sanyin da ba a magance da kyau ba, da shan taba, da zama cikin zafi mai tsanani kullum. Allurar testosterone da wasu ke yi don ƙarin kuzari ko gina jiki tana rage samar da ƙwayoyin ne, har tana iya dakatar da shi gaba ɗaya. Wanda ya haihu shekara goma da suka wuce ma bai tsira daga gwaji ba, domin jiki yana sauyawa.

Gwajin namiji shi ne mafi sauƙi da araha a duk binciken. Zai ƙaurace wa iyali na kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi a kwalbar da ɗakin gwaji zai ba shi. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ana so a ga aƙalla ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita. Idan sakamako ya fito da rauni, ba a yanke hukunci a kansa shi kaɗai. Akan maimaita bayan kamar wata uku, saboda jiki yana ɗaukar fiye da wata biyu kafin ya kammala sabbin ƙwayoyi, kuma zazzaɓi mai zafi kaɗai yana iya rage su na ɗan lokaci.

A wajen mace, tambaya uku likita take son amsawa: ƙwai yana fita kowane wata? Bututun da yake bi a buɗe suke? Mahaifa tana iya riƙe ciki? Gwajin jini da hoton ciki suna amsa ta farko da ta uku. Ta biyu kuwa sai an yi hoton da ake kira HSG, inda ake tura wani ruwa ta bakin mahaifa 'yan kwanaki bayan ɗaukewar al'ada, a ga ko zai wuce. Toshewar bututu tana cikin manyan dalilai a ƙasashenmu, kuma sau da yawa ragowar ciwon sanyi ne, ko ƙwayar cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓarin da ba a kula da shi ba. A yankunan da ake wanka da wanki a kududdufi, tsargiya ma tana taɓa waɗannan sassa. Akwai kuma PCOS mai rikita al'ada, da ƙarin mahaifa, da yawan sinadarin da ke sa nono fitar da ruwa ba tare da goyo ba. Wasu ma'auratan kuma duk gwaji zai fito lafiya, ba a ga dalili ba, kuma da yawa daga cikinsu suna samun rabo daga baya.

Abin da ya fi ɓata wa likita rai shi ne cutar da aka jawo garin neman magani. Mata suna sayen Clomid a kemis su yi ta sha shekara guda, alhali maganin na wadda ƙwanta ba ya fita ne, ana ba da shi kwana biyar a wata, kuma ba a cika wuce zagaye shida ba. Wankin mahaifa da ake yi babu dalili yana iya barin tabon da zai manne bangon mahaifar. Matsin kanwa da wasu saiwoyi yana ƙone fata. Wasu kuma ana ce musu cikinsu ne ya kwanta, su yi shekara biyu suna jiran ya tashi, alhali hoto na minti biyar zai nuna babu ciki. A 2024 sashen binciken BBC Africa Eye ya bankaɗo yadda wasu a jihar Anambra suke karɓar maƙudan kuɗi a hannun mata, su yi musu allurar da ke kumbura ciki, su hana su zuwa awo, daga ƙarshe su miƙa musu jariran da aka sayo. Duk wanda ya hana mace yin hoton ciki, akwai abin da yake ɓoyewa.

Magani na gaskiya hawa-hawa yake. Wasu ma'auratan sanin lokaci kawai suke buƙata: ƙwai yana fita ne kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba, ba ya wuce kwana guda da rai, maniyyi kuwa yana iya kai kwana biyar a jikin mace, don haka saduwa kowane kwana biyu ko uku ta wadatar. Magidancin da ke fatauci ko aiki a wani gari, yana zuwa gida sau ɗaya a wata, yana iya shekara bai dace da waɗannan kwanaki ba. Daga nan sai maganin fitar da ƙwai, sai tiyata idan akwai abin gyarawa, sai sanya maniyyin miji da aka tace kai tsaye cikin mahaifa. Mataki na ƙarshe shi ne IVF, inda ake yi wa mace allurai na kimanin kwana 10 zuwa 12, a ciro ƙwayayenta, a haɗa su da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, bayan kwana 3 zuwa 5 a mayar cikin mahaifa. An haifi jaririya ta farko ta wannan hanya a Ingila a 1978, kuma a Abuja Dokta Ibrahim Wada ya jagoranci irin wannan haihuwa a 1998. Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Amman a 1986 cewa ya halatta idan ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, a mayar cikin mahaifarta, ba tare da shigar wani na uku ba.

Sai dai dole a faɗi gaskiya kafin a sayar da fili ko sarƙar gwal. Zagaye ɗaya na IVF yana cin miliyoyin naira, kuma ko ga mace 'yar ƙasa da shekara 35, kusan ɗaya cikin uku ne yake ƙarewa da haihuwa. Bayan shekara 40 rabon yana raguwa sosai. Asibitin da ya ba da tabbacin ɗari bisa ɗari a guje shi.

Nauyin da ba ya fita a takardar gwaji shi ne na zuciya. Mai neman haihuwa tana yin zaman makoki kowane wata, ita kaɗai, a banɗaki, sannan ta wanke fuska ta fito ta ɗora tukunya. Za ta je sunan ƙanwar da ta goya, wata ta dafa ta a cikin taro ta ce, "Ke har yanzu shiru?" Makonni biyun da ake jira bayan an mayar da ƙwai sun fi alluran wuya, domin kowane ɗan motsin mara sai ta yi masa fassara. Namijin da aka gaya wa matsalar tasa ce yakan shiga wani irin shiru, ya daina hira, wani ya koma faɗa ba dalili. Masu cewa "ki kwantar da hankalinki kawai, damuwa ce ta hana ki" suna ɗora mata wani laifin ne a kan na da. Nazarin da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2011, wanda ya tattara bincike 14, bai ga alamar cewa damuwar mace kafin magani tana rage mata damar samun ciki ba. Ana kula da damuwar ne saboda tana cin mutum, kuma ita ce take sa da yawa su watsar da magani a tsakiya.

Ma'auratan da suka fi jure wannan tafiya suna da wasu halaye iri ɗaya. Tun farko sukan zauna su tsayar da wanda zai san sirrinsu, mutum ɗaya ko biyu masu riƙon amana. Sukan yanke iyakar kuɗi da yawan zagayen da za su gwada kafin a fara, don kada bashi ya yanke musu daga baya. Sukan huta wata biyu ko uku idan jiki da zuciya sun gaji, bayan shawara da likita. Sukan shirya gajeriyar amsa ga masu tambaya, kamar "Muna nema, a taya mu da addu'a," su tsaya a nan. Kuma idan ɗayansu ya yi sama da mako biyu ba barci, ba cin abinci, ga kuka ko tunanin rayuwa ba ta da amfani, sukan nemi likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jin kunya ba.

Babban abin da ke sauƙaƙa wa mace shi ne mijin da ya tsaya tsakaninta da danginsa. Wani magidanci, bayan ya karɓi sakamakonsa, ya wuce gidan mahaifiyarsa wadda ta daɗe tana matsa masa ya ƙara aure. Ya durƙusa ya ce, "Hajiya, likita ta duba mu duka. Daga wajena ne, kuma ina kan magani. Don Allah a daina yi mata gori." Matarsa ta ce a daren ne ta fara barci mai nauyi cikin shekaru. Da ya ƙara auren ba tare da gwaji ba, da amaryar ma ta biyo uwargida zuwa layin asibiti.

Akwai waɗanda za su yi duk abin da ya kamata, Allah bai nufa ba. Wannan ba gazawarsu ba ce, kuma ba alamar ƙarancin imani ba ce. Al'adar riƙo tana nan, gidaje da yawa sun raya 'ya'yan 'yan'uwa da marayu har suka aurar da su. Addu'a da zuwa asibiti kuma ba sa hana juna.

Ga ma'auratan da suka cika shekara babu labari: ku je asibitin da ke da ƙwararren likitan mata, ku je tare, ku riƙe duk tsofaffin takardunku, maigida ya fara ba da nasa gwajin, uwargida kuma ta fara shan folic acid tun kafin ciki ya shiga. Ga iyaye da dangi da maƙwabta: ku daina tambayar mace a bainar jama'a, ku yi musu addu'a, in kuna da hali ku taimaka da kuɗin gwaji.