Darasi na Bakwai: Samar da Keɓaɓɓiyar Kalma ga Ƙosawar Likita da Aiki

A wannan darasi za a duba yadda mai fassara ke samar wa baƙon ra'ayi suna. Misalinmu shi ne halin da likitocin iyali na karkara kan faɗa, wanda Turawa suka laƙaba wa kalmar da ma'anarta ta zahiri ita ce ƙonewa ƙurmus. Herbert Freudenberger ya yi rubutu a kansa a Amurka a 1974. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi da cewa matsala ce da aiki ke haifarwa, ba cuta ba, mai alamomi uku: ƙarewar kuzari, da ficewar aiki daga rai, da raguwar ingancinsa.

A ɗauki likita guda a asibitin wata ƙaramar hukuma daga cikin 44 na Jihar Kano. Shi ke duba marasa lafiya da rana, shi ake tasa cikin dare idan haihuwa ta zo da gardama. Abin da ya gagare shi sai ya tura Asibitin Murtala da ke daura da Shahuci, yana sane da nisan hanya. Idan aka shekara a haka, yaya za a kira halin da ya shiga?

"Ƙonewa" ba ta karɓu ba, domin Bahaushe zai zaci gobara ce. "Kasala" kuwa zargi ce, tana ɗora laifi a kan likitan. "Gajiya" ta fi kusa, amma gajiya barci ke warware ta, shi ya sa ake cewa "gajiya ta bi lafiya". Wannan kuwa mutum kan kwana ya tashi da ita. Sannan gaisuwarmu ma ba ta ba shi damar kokawa ba: a ce "ina gajiya?" ya amsa "ba gajiya", a ce "yaya aiki?" ya ce "da godiya".

A ganina "ƙosawa da aiki" ta fi dacewa, domin wanda ya ƙosa ƙarfinsa da sha'awarsa duka sun ja baya. Sai dai ba ta nuna raguwar inganci ba, dole mai fassara ya cike wannan giɓi da bayani.

Jinga: Gwada "gundura" a kan alamomin nan uku, ka nuna wadda ta kama da wadda ta bari.