Rassan Aikin Ilmin Yanayi

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, mutane da yawa suna tsammani aikin masanin yanayi shi ne ya faɗi ko za a yi ruwa gobe. Lalle wannan yana ciki, amma aikin ya fi haka faɗi. Ina so in bayyana muku rassansa huɗu, da misalai daga ƙasarmu ta Barno.

Na farko shi ne ma'auni. Shi ne wanda ke karanta ma'aunin zafi da na ruwan sama da na iska, dare da rana, kamar yadda a ke yi a filin jirgin sama na Maiduguri. Idan ya yi ha'inci ko lalaci, to, aikin sauran duka ya ɓaci, gama a kan lissafinsa su ke gini.

Na biyu shi ne mai hasashe domin jiragen sama. Da hunturu iska ta kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, hazo ya rufe Yerwa har direban jirgi ya kasa ganin fili. Mai hasashe ne zai gargaɗe shi tun bai tashi ba.

Na uku, wanda ni a ganina ya fi shafarmu, shi ne masanin yanayin noma. Daminarmu gajeruwa ce, daga Yuni zuwa Satumba. Manomi ya kan ga ruwan fari ya shuka gero, sa'an nan ruwa ya ɗauke, iri ya ƙone. Saboda haka Hukumar NiMet, wadda aka kafa a 2003, ta kan fitar da hasashen damina kowace shekara, ta nuna lokacin da a ke sa ran ruwa zai zauna. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, tana horar da irin waɗannan ma'aikata.

Na huɗu shi ne masanin ruwa da sauyin yanayi. Tabkin Cadi ya kai murabba'in kilomita wajen 25,000 a 1963, amma bayan farin shekarun 1970 da 1980 sai ya ragu ƙwarai. Kuma a Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci unguwanni da yawa na Maiduguri, kamar yadda ya yi a 1994. Auna kogi da yin gargaɗi da wuri aikin wannan reshe ne.

Dukan rassan nan ƙofarsu ɗaya ce, watau lissafi da kimiyya da labarin ƙasa. Mu da za mu zama malamai, ya kamata kowa ya kafa ma'aunin ruwan sama a makarantarsa, ya sa yara su riƙa rubuta abin da suka gani kullum. Da haka yaro zai saba da auna abu da faɗin gaskiyarsa, kuma icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.