Amsoshin Tambayoyinku: Kwamfutata Ta Ƙi Tashi Daga Filash

Tambaya: Kwamfutata ta tebur ƙirar HP ta daina shiga Windows. Na sauko da fayil ɗin Windows, na kwafa a filash, na soka, amma ko kallonsa ba ta yi. Ina matsalar take? Daga mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, wannan ba ya nufin kwamfutar ta lalace. Abu biyu ne suka rage: a shirya filash ɗin, sannan a umarci kwamfutar ta fara dubansa.

Da zarar ka kunna kwamfuta, wata ƙaramar manhaja mai suna BIOS, ko UEFI a sababbin ƙira, ita ke fara farkawa. Takan bi ma'ajiyoyi ɗaya bayan ɗaya tana neman fayilolin tashi. Fayil ɗin Windows da ka kwafa, wato ISO, a ƙulle yake, ba za ta iya buɗe shi ba. Don haka ka ari wata kwamfutar, ka sauko da manhajar Rufus, kyauta ce, ka nemi filash mai aƙalla gigabait 8. Rufus zai share duk abin da ke cikin filash ɗin, saboda haka ka kwashe kayanka tukuna. Zai ba ka zaɓi tsakanin GPT da MBR: GPT na masu UEFI ne, MBR kuwa na tsofaffi masu BIOS. Kuskure a nan shi ke sa filash ya ƙi bayyana. Haka dokar take ko da babbar ma'ajiyar waje ce ko SSD.

Sai ka kashe kwamfutar, ka soka filash ɗin a kafar USB ta baya, domin ita ce manne da babban allon injin kai tsaye. Kana kunnawa, tun kafin tambarin HP ya ɓace, ka yi ta danna F9. Jerin ma'ajiyoyi zai fito. Ka gangara da kibiya zuwa sunan filash ɗinka, ka danna Enter. Masu Dell da Lenovo F12 za su danna, masu ASUS F8, masu MSI F11.

In har yanzu ya ƙi, shiga saitin BIOS da F10 ka tabbatar an ba da damar tashi daga USB. Wani lokaci kariyar Secure Boot ce ke tare hanya. Amma kafin ka kashe ta, ka tanadi lambar ceto ta BitLocker in ma'ajiyarka a kulle take, don za a iya tambayarka ita.

Kada ka yi gaggawar ɗora sabon Windows. Gara ka fara sa Ubuntu, wani tsarin aikin kwamfuta irin Windows, a filash, ka zaɓi gwadawa ba tare da girkawa ba, ka kwashe takardunka da hotunanka zuwa wata ma'ajiyar. Bayan nan sai a yi girki hankali kwance.