Amsar Tambaya: Gida Biyu, Katsina da Maraɗi

Tambaya: Mijina ɗan kasuwa ne, muna wata uku a Katsina, wata uku a Maraɗi. A Maraɗi ba ni da kowa, kullum ina ɗaka. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, kukanki ya taɓa ni, domin kaɗaici a garin da ake jin yarenki ya fi ciwo. Ki fara da maƙwabta. Ki aika musu da tuwo ranar da kika sauka, ki nemi izinin maigida ki shiga Islamiyyar matan unguwa. A nan ake samun ƙawar da za ta raka ki suna da biki.

Shi kuma maigida, ki zaunar da shi cikin lumana, ku ware rana guda a mako ta fita tare. Tafkin Madarunfa bai da nisa da Maraɗi. Idan kun dawo Katsina, ku je Hasumiyar Gobarau, ko ku wuce Daura ku ga rijiyar Kusugu.

Ki ajiye tukwane da tufafi a kowane gida, ki riƙe 'yan sefa naki na kanki ban da naira. Kafin ku bi ta Jibiya, ku tambayi direbobi halin da hanya take ciki, ku tafi da rana.