Na Ɗaura Tayoyina da Kaina, An Hana Ni Rangwame

Ni mutumin Agadas ne, ina zaune a unguwar Tahaggart a Tamanrasat, ina jigilar kaya da katkat zuwa In Gezam. Kafin azumi na ga sanarwa manne a ƙofar wani shagon tayoyi cewa duk wanda ya sayi huɗu na wani kamfani za a mayar masa da wani abu daga cikin kuɗinsa. Na saya, na biya lakadan. Yaron shago ya ce in kawo mota su ɗaura, na ce ya bari, tun ina yaron mota nake wannan aiki, kuma kuɗin ɗaurin ya yi mini cefane. Na kai gida na ɗaura da ƙarafuna. Da na koma karɓar rangwamen, sai mai shagon ya ce kamfani ba ya biya sai in a wurin dillalinsa aka ɗaura, wai har garantin ma ya faɗi. Abin da ke hannuna 'yar takarda ce da ya rubuta kuɗin da biro, ko hatimi babu. Ina da haƙƙi ne, ko in bar wa Allah?

Direba, daga Tahaggart

Malam direba, Allah ya tsare hanya. Mai shagon nan ya haɗa maka magana biyu wuri ɗaya, alhali hukuncinsu ya bambanta.

Rangwame kyautar kamfani ce, mai kyauta kuwa shi ke gindaya sharaɗi. Kamfanonin taya sukan ce sai a wurin dillalinsu za a ɗaura, don su tabbata tayar ta hau mota, ba sari aka yi aka tsallaka da ita Arlit ba, kuma don ƙarfe yakan ci bakin taya idan an ɗaura da hannu. Saboda haka ka koma ka ɗauki hoton sanarwar, ka sa wanda ya iya Larabci ko Faransanci ya karanta maka har ƙananan rubutun ƙasa. In sharaɗin na nan a rubuce, ka haƙura da rangwamen. In babu shi, ba daidai ba ne a ƙirƙiro maka shi bayan kuɗinka ya shiga aljihu. Ka duba ranar rufewa, don irin wannan garaɓasa da wa'adinta.

Shi garanti doka ce ta ba ka. Dokar kare mai saye ta Aljeriya mai lamba 09-03 ta shekarar 2009, da ƙa'idar aiwatarwa mai lamba 13-327 ta 2013, sun ce garantin sabon kaya bai gaza wata 6 ba, kuma ko ba a ba ka takardar garanti ba, rasit ya isa hujja. Aibin da taya ta fito da shi daga masana'anta, ta ƙasar waje ce ko ta gida irin wadda ake yi a Setif, yana wuyan mai sayarwa. Yankan ƙarfenka, da dutsen hanyar Hoggar, da lodin da ya wuce kima, waɗannan naka ne.

Inda ka yi rauni shi ne takarda. Dokar hada-hadar kasuwanci mai lamba 04-02 ta 2004 ta wajabta wa mai shago ya ba da rasit, ya kuma yi faktir idan mai saye ya nema. Ka je da lalama ka karɓi faktir mai sunan shago da hatimi da kwanan wata da girman taya da adadinsu. Daga nan ka kai motar wurin dillalin a daidaita ƙafafun a inji, a ba ka shaidar an duba. Ka haɗa duka da hoton sanarwar ka aika wa kamfanin kai tsaye, ka tambaye su ko wannan ya wadatar. In mai shagon ya ƙi ba da faktir, akwai ofishin kasuwanci na wilayar Tamanrasat, akwai kuma ƙungiyar kare masu saye ta APOCE. Amma idan takardun zamanka ba su cika ba, kada ka kai kanka ofis a kan kuɗin taya. Ka sa dattijon unguwa ko abokin cinikinka ɗan ƙasa ya shiga tsakani.

Kafin duk wannan, ka tsuguna ka dubi gefen tayar. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe: 2423 na nufin mako na 24 na shekarar 2023. Wani lokaci rangwame hanyar rabuwa da kwantai ce. Tsohuwar roba da zafin kwalta ba sa jituwa, ga shi tsakaninka da In Gezam kusan kilomita 400 ne. In ka tarar tayoyin sun shekara biyar a ajiye, ka bar zancen rangwame, ka nemi a musanya maka su.