Darasi Daga Akushin Tuwo: Ziyararmu Zuwa Gaya da Ajingi

A ƙarshen kakar bara, mu malamai uku muka ɗauki ɗalibai 14 na aji biyar muka tafi ziyarar kwana uku zuwa Gaya da Ajingi, a gabashin Jihar Kano. Nufinmu shi ne ɗalibai su ga yadda ake girbin dawa da wake, su kuma taka garin da suke karantawa a darasin tarihi. Gama bisa ga labarin kaka da kakanni, daga Gaya ne maƙeran nan da ake kira Abagayawa suka tashi neman tama, har suka sauka a gindin Dutsen Dala, inda birnin Kano ya kafu. An mai da Gaya masarauta mai cin gashin kanta a 2019, aka rushe ta a 2024, a cikin shekarar kuma aka maido ta da daraja ta biyu, ta haɗa Gaya da Ajingi da Albasu. Duk wannan ɗalibai sun rubuta a littattafansu. Amma abin da ya kusa ɓata mana tafiya ba tarihi ba ne, abinci ne. Shi ya sa muka ga ya dace mu mai da shi darasi a nan.

Mun bi ta Wudil muka haye gada, muka isa masaukinmu bayan la'asar. Mai masaukinmu wani dattijo ne manomi, Musulmi, a wani ƙauye kusa da Gaya, mahaifin abokin karatun ɗayanmu tun a kwalejin horon malamai. Aka shimfiɗa wa maza tabarmi a zaure, Malama kuwa ta shiga cikin gida da 'yan mata wurin uwargida. Yaro ya kawo ruwa a kwanon sha. Da kwanon ya iso kan wani ɗalibinmu, sai ya leƙa ciki, ya yamutsa fuska, ya miƙa wa na kusa da shi, ya zaro ruwan leda daga jakarsa ya fasa. Dattijon ya gani, bai ce uffan ba. Can an jima ya jawo ɗayanmu gefe ya ce, "Malam, in ruwanmu bai yi wa yaran ba, sai in aika cikin gari a sayo musu na leda." Da ma faɗa ya yi mana, da ya fi mana sauƙi.

Ya ku ɗalibai, abu na farko da za mu gane ke nan. A gidan Bahaushe ruwan da aka miƙa wa baƙo gaisuwa ne, ba don ƙishi kaɗai ake kawo shi ba. Wanda yake da dalilin ƙin sha, ya karɓa da hannun dama, ya kai bakinsa, ya yi godiya ya ajiye. Babu wanda zai leƙa ya ga ko ya haɗiye.

Da almuru aka fito da tuwon dawa da miyar kuka, an zuba man shanu, ga kuma kaji biyu. Muna so ku tsaya ku lissafa aikin da ke cikin wannan akushi, gama yawancinku a kicin ɗin makaranta kuke ganin tuwo ya riga ya zama malmala. Tun da hantsi matan gidan suka surfa dawa a turmi, suka wanke ta, suka shanya, aka kai inji, aka dawo aka tankaɗe. Sa'an nan aka yi talge, aka bar shi ya nuna, aka tuƙa da muciya, aka kwashe da mara. Tuƙin tuwon mutum 17 a kan murhun itace ba wasa ba ne. Duk wadda ta taɓa yi ta san inda kafaɗa take ciwo. Kukar kuwa ganye ne da aka tsinko, aka busar, aka daka. Daddawar da ta ba miyar ƙanshi daga kalwa aka yi ta, wato 'ya'yan ɗorawa, waɗanda ake dafawa na tsawon sa'o'i, a cire ɓawonsu, a rufe su kwanaki har su ruɓa yadda ake so. Kaji biyun nan kuma kuɗi ne a tsaye. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi, kuma a ƙauye kaza ita ce asusun mace, ita take sayarwa ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi. An yanka mana biyu.

Da aka ajiye abincin, dattijon ya ce, "To, bismilla," ya tashi ya fita. Wasu ɗalibai suka fara gunaguni wai an bar mu kamar almajirai. Ba su fahimta ba. Mai gida yakan ba baƙo wuri ne don kada kunya ta hana shi ƙoshi. Muka koya musu sauran a nan take: a wanke hannu da buta, babba ya fara sa hannu, kowa ya ci gabansa kada ya tsallaka gaban wani, nama kuma babba ne yake rabawa. Kada kuma a suɗe akushi tas. Yaran gidan suna nan a bayan zana suna jira, ragowar baƙo tasu ce, kuma sau da yawa a nan ne kaɗai za su ɗanɗana kazar.

Wata ɗaliba ta tambayi Malama a ɓoye ko ya halatta mu ci abincin gidan da ba na masu bi ba. Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma a fili take. A Luka sura 10, sa'ad da Yesu ya aiki almajiransa biyu biyu zuwa garuruwa, ya umarce su su ci abin da masu masaukinsu suka kawo musu. Manzo Bulus ma ya ba Korantiyawa irin wannan shawara a wasiƙarsa ta fari, sura 10. Muka yi addu'armu a hankali, muka ci. Da safe aka kawo ɗumamen tuwon jiya da koko, waɗanda suka fi gunaguni da daddare su suka fi neman ƙari.

Rana ta biyu muka nufi Ajingi, arewa da Gaya, kusa da iyakar Jihar Jigawa. A can ba mu da mai masauki, sai muka ci a bakin hanya kamar kowane matafiyi. Da safe muka zauna a bencin wani mai shayi kusa da tasha. Ɗalibai suka yi ta kallon yadda yake ɗaga kofi sama yana tsiyayo shayi cikin wani don ya huce, ko ɗigo bai zuba ƙasa ba. Mai kuɗi ya ce a haɗa masa mai kauri, da madara da Bournvita, da burodi da soyayyen ƙwai ko Indomie. Wanda aljihunsa ya yi sanyi ya sha ruwan bunu. Rediyo na kunne, direbobi da 'yan acaɓa suna ta gardamar siyasa, muka ji labarin farashin wake fiye da abin da muka samu a gona. Da rana wasu suka ci garau-garau da mai da yaji, wasu ɗanwake, wasu suka sayi awara wurin wata yarinya.

To, a nan ƙa'idar ta juya. A gidan mutum ba a zaɓe, ba a kuma biya. Wanda ya zaro kuɗi ya miƙa wa mai gida ya zage shi. A teburin mai shayi kuwa ciniki ne, kana da ikon dubawa, ka ƙi abin da bai yi maka ba, babu wanda ransa zai ɓaci. Abin mamaki, ɗalibanmu sun yi akasin haka. A gidan dattijo, inda aka kwashe tuwo daga wuta aka kawo mana yana tururi, suka yi ta ƙyanƙyami. A tasha kuwa suka ci duk abin da ido ya gani. Biyu daga cikinsu suka sayi kwaɗon latas da aka yayyafa wa ruwa daga wani bokiti, suka kwana suna zirga-zirga.

Ku riƙe wannan. Cututtukan ciki kamar taifot da amai da gudawa ta ruwa mai ƙazanta da hannu marar wanki suke shiga. Ƙosai ko awara da aka tsamo daga mai mai zafi a gabanka, da shayin da ya tafasa, ba su cika cutarwa ba. Abin tsoro shi ne ɗanyen ganye, da abincin da ya huce a buɗe ƙudaje suna bi, da furar da ba ka san ruwan da aka dama ta da shi ba, da bokiti ɗaya da ake tsoma kowane kofi a ciki tun asuba. Mu mun roƙi mai shayin ya ɗauraye mana kofuna da ruwan zafi, ya yi ba tare da ya ɓata fuska ba. Yaran nan biyu kuwa muka haɗa musu ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kafin azahar sun warware.

A rana ta uku muka koma yin sallama da dattijo. Muka kai goro da sukari da sabulu, Malama ta shigar wa uwargida da turmin atamfa. Ɗalibin nan mai ruwan leda, ba wanda ya sa shi, ya durƙusa ya ce, "Baba, a yi mini gafara." Dattijon ya yi dariya ya ce, "Tashi, ɗana, ai ɗan birni sai a hankali." Aka cika mana mota da tsaraba: wake, da kuka, da ƙullin daddawa wanda ƙanshinsa ya raka mu har gida.

Mun gayyace shi bikin ba da kyaututtuka na bana, ya kuma amsa zai zo da ɗansa. Kwamitin abinci ya riga ya shirya cewa naman ranar daga wurin mahauci Musulmi za a sayo shi, za a kuma ajiye buta da tabarma mai tsabta a ɗakin da ke kusa da ofishin shugaban makaranta, domin azahar za ta same shi a wurinmu.